Saniyar Inna Jumma

Laraba da dare, Roni.

Barci ya ƙi zuwa. Yau na cire Inna Jumma daga masu karɓar tallafin hatsi, don dokar ofishinmu ta ce mai saniya ba mabuƙaci ba ne. Na ga saniya a gidanta, na tambaye ta, "Inna, taki ce?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tana hannuna, 'yata." Sai a hanya ɗan acaɓa ya gaya mini aron ɗan'uwanta ce, kunya ta hana ta faɗa. Oga ya ce in muka bi tarihin kowace saniya, rabo ba zai ƙare ba. Wataƙila haka ne. Amma da nonon saniyar nan ta dama mini fura, kuma sai da na shanye na soke sunanta.