Motar Ƙanƙara

Kafanchan,
12 ga Agusta, 1990

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya sanyin Kanada? Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Wasiƙarka ta iso ranar Laraba, tare da shafuka ukun da ka yanko daga mujalla, masu hotunan ƙananan jif. Ka ce in taya ka zaɓen wadda za ta fi iya jure ƙanƙara. Wallahi na fahimce ka tun kafin in kai ƙarshen layin. A littattafan da nake karantawa ma haka masoya suke yi, ba sa fitowa fili su ce ga ni nan dawowa, sai su aiko da alama. Wata huɗu kacal muka yi tare ka tafi, yanzu shekara biyu ta cika, ga shi za ka dawo mana da mota.

Na shimfiɗa hotunan a kan gado na yi ta kallo. Farar ta fi kyau, amma rufinta tamfol ne. Ba ka nan aka yi ƙanƙarar farkon daminar bana, wadda ta huda kwanon maƙwabta, ta kuma farfasa ganyen ayabar bayan gida. Tamfol ba zai yi minti biyar ba. Shuɗiyar tana da rufin ƙarfe, sai dai gilasanta sun yi faɗi, ƙwaya ɗaya za ta tsaga su, kuma cikinta ya yi kusa da ƙasa, hanyar Kwoi za ta kankare shi. Jar ita ce zaɓina. Gajeriya ce kamar akwati, rufinta ƙarfe, tayoyinta manya. Ƙofa biyu gare ta, Inna za ta sha wuyar shiga baya, amma ni zan bar mata gaba.

Na gaya wa Inna, ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce za a kafa wa motar rumfa a ƙofar gida.

A wane wata jirgin ruwa zai kawo ta? Kai za ka riga ta ko ita za ta riga ka?

Ka huta lafiya.
Matarka mai begenka,
Zamzam


Kafanchan,
30 ga Satumba, 1990

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinka lafiya. Mu ma lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa.

Amsarka ba ta zo ba tukuna, amma na kasa jira. An gama rumfar. Kafinta ya yi kwana uku a kanta, Inna ta sa an zuba tsakuwa a ƙasa don kada taya ta nutse. Duk mai wucewa sai ya tambaya, ita kuwa ba ta gajiya da ba da labari.

Ka tuna Uloma, wadda take ɗinka mini kaya, matar Uchenna makaniken reluwe? Na kai mata shafukan don ta ga jar motar, sai mijinta ya karɓa ya karanta Turancin da ke ƙarƙashin hotunan, wanda ni na tsallake saboda ƙananan haruffa ne kuma hankalina yana kan hoto. Da ya gama karantawa sai ya tambaye ni ko ka ce nan za ka kawo ta. Na ce mana. Ya dubi matarsa.

Da Hausarsa mai karkacewa ya bayyana mini cewa ba irin ƙanƙararmu ake nufi ba, wadda take zubowa kamar tsakuwa ta narke kafin a gama tsince ta. Ya ce taku kamar farin gari take, tana kwanciya a kan hanya wata huɗu ko biyar, kuma duk gwajin da aka yi wa motocin nan a kan santsinta ne, babu ruwan kowa da rufi. Ya nuna mini wata 'yar waya da ta leƙo daga hancin jar motar, wadda na ɗauka igiyar ado ce. Ya ce a soket ɗin lantarki ake soka ta don inji kada ya daskare. Ya ce a Kafanchan ruwa muke zuba wa inji ya huce, ba mai sayen mota irin wannan don ya hau da ita Kagoro.

Uloma ta harare shi, ta ce makanikai sun cika surutu. Ta cika mini leda da gyaɗa ta rako ni har bakin titi.

Ban gaya wa Inna ba. Kullum da safe sai ta share ƙarƙashin rumfar, ni kuma ina kallonta ta taga. Na ɗauko littattafaina ko zan sami wadda ta shiga irin halina, duk na ga tasu matsalar mutum ce, mai baki da ido, wanda za a iya roƙo ko a yi faɗa da shi. Ni ban san da wa zan yi ba.

Ka ce mini Uchenna bai iya karatu ba, zan yarda.

Taka,
Zamzam


Kafanchan,
16 ga Disamba, 1990

Maigida,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya. Inna tana nan ƙalau.

Wasiƙarka da hoton sun iso. Na gan ka tsaye kusa da jar motar, ƙanƙara fara fat har gwiwarka, ka yi ƙiba. Na gode da ka bi zaɓina, ko da yake ka ce dalilina ne ba daidai ba. Ka ce ka karanta wa abokanka maganar tamfol da ganyen ayaba, kuka yi dariya har da hawaye. Ban yi fushi ba. Da tun farko ka rubuta dusar ƙanƙara, wataƙila da na tsaya na yi tambaya, don ni dusar da na sani ta awaki ce.

A shafi na biyu, can ƙasa, ka ce ka sami aiki kuma ka sa hannu na shekara uku, in ƙara haƙuri. Na karanta wa Inna layin sau biyu. Ta tashi ta ɗora tukunya.

Na je gidanmu. Baba ya ce matar aure ɗakinta ne wurinta, muddin miji yana aiko da abinci babu abin da za a kai ƙara a kai. Na nemi Inna ta bar ni in koma makarantar horon malamai, ta ce sai da izininka. Ranar Talata na ce zan je duba yayata Kubra a Kaduna, daga can na wuce ofishin fasfo. Na yi awa huɗu a layi. Da na kai gaban tebur, mutumin ya tambayi takardar amincewar miji, ya turo mini fom ɗina ya kira na baya. Da zan dawo a jirgin ƙasa na zauna gefen taga, ina ƙirga tashoshi, ina jin kamar kada mu iso.

Ba na son ka zame a kan hanya. Ka riƙa tafiya a hankali, ka soka wayar nan kullum kamar yadda aka ce.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga takardu biyu. Ta farko ta ofishin fasfo ce, na rubuta ta da Turanci, Uloma ta gyara mini, sa hannunka kawai ya rage. Ta biyun fara ce. Sau uku ina ɗaukar biro na kasa, kuma ko na iya, ba mace ce take rubuta irinta ba. Ka san kalmomin da ake sawa. Ka dawo mini da ɗaya daga cikinsu, don Allah kada ka riƙe duka biyun.

Wassalam.
Matarka har zuwa yau,
Zamzam