Kwat ɗin Aboki a Hannun Kwastan

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikana, wato Abokina. Na ji an ce sanyin ƙasarku ba ya jin kunyar kowa, don haka na ɗinka wa Aboki kwat, da shafi a ciki da aljihu na gaske. Jiya yayarki ta raka ni gidan waya muka aika.

Wata yarinya a bayan gilashi ta miƙo mini fom na kwastan, wai in rubuta abin da ke cikin kwalin da darajarsa. Na rubuta kuɗin da zai sayi sabon keken ɗinki. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Baba, rigar yaro ce fa, a ɗan rage." Na ce, "'Yar nan, tun ba a haifi ubanki ba nake riƙe da almakashi. Ke kika ɗinka?" Yayarki tana ta taka mini ƙafa, na yi kamar ban ji ba. Ai ba zan bari dangin mijinki su karanta a jikin kwali cewa kayan gwanjo na aiko wa jikana ba.

In ya iso ki ɗauke shi hoto a tsaye. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Aboki yana lafiya, ya fara hawa kujera yana faɗowa.

Baba, kwali ya iso, amma bai iso hannunmu ba. Takarda aka kawo mana daga kwastan, wai saboda tsadar da ka rubuta sai mun biya kuɗin fito, kuma kuɗin ya kusa hayar ɗakinmu. Baban Aboki ya tambaye ni ko da zinariya ka yi maɓallan, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Na je ofishin. Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, ya ce abin mai sauƙi ne: ka rubuto cewa kyauta ce, ɗinkin gida, ba ta da darajar kasuwa, ka sa hannu. In ba haka ba, wa'adi na cika za su mayar da kwalin. Ga takardar na haɗo, hannu kawai za ka sa. Don Allah Baba, sanyi ya fara.

Na ga rubutunka ya ƙara girma, ko biro ka canza?

'Yarka, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Takardarki kuwa tana ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana ɗan rawa.

Ɗinkin gida? Ba ta da daraja? Ni zan rubuta haka da hannuna? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Mutanen da ba su taɓa ganina ba sun buɗe kwali, sun ga aiki, sun yarda da abin da na rubuta, sai 'yar cikina ce za ta ce in ƙaryata kaina. Ki gaya wa mai shayi cewa kwat ɗin da ya sa ranar da ya zo gaishe ni, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na yi shiru ne don kawaici.

Kuɗin fito ba matsala ba ne. Zan sayar da keken ɗinkina in aiko muku.

Mahaifinki

*

Auta ƙanwata,

Gaisuwa a taƙaice, don ina da labari. Tsohon nan ya ba da takardar kuɗin fiton da kika turo hotonta an sa mata firam. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa: "Duba abin da hukumar wata ƙasa ta yanke wa ɗinkina." Mai gyaran rediyon ƙofar gida ya gani har ya gaji, yanzu ta bayan layi yake bi.

Amma ki daina dariya ki ji. Ba biro ya canza ba, idanun ne. Kwat ɗin nan ni na riƙa zura masa zare a allura, yana ce mini allurar yanzu ce ba ta da rami. Hannun hagu ya farke shi ya sake ban san sau nawa ba, da yatsa yake bin ɗinkin. Likita ya ce ya haƙura da keke. Shi ya sa kalmar "ba ta da daraja" ta tsaya masa a wuya.

Maganar sayar da keke da gaske yake, har ya kira dillali. Na tare mutumin a zaure na ce Baba yana barci, alhali ana jiyo tarinsa. In keken nan ya bar ɗakin, wallahi ina tsoron abin da zai biyo baya.

Ga shawara. Kada ki ƙara yi masa maganar kuɗi. Ki shiga kanti ki sayi kwat mafi muni, ki sa wa Aboki, ki aiko hoto. Kada ki ce komai.

Yayarki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Kada ka damu da maganar kwali, mun saya wa Aboki na kanti ya riƙa maneji. Ga hoto. Kowa ya ce ya yi masa kyau.

Auta

*

Auta,

Kowa wa? A kawo mini sunayensu.

Na duba hoton nan da gilashin ƙara girma a bakin taga. Kwala ta karkace. Aljihun zane ne kawai, ba inda yaro zai sa hannu. Hannun rigar ya haɗiye masa yatsu kamar an zura shi a buhu. Wanda ya ɗinka wannan ko labule ba zan ba shi ba. Daren nan ban ci abinci ba.

Na ciro takardarku daga ƙarƙashin tebur na sa hannu. Allah ya gani ƙarya na rubuta, kuma alhakin yana wuyan kwastan. Ki cire wa Abokina tsumman nan tun maƙwabta ba su san jikan wane ne ba.

Keke yana nan. Dillalin ma bai da ladabi.

Mahaifinki

*

Baba,

Kwali ya iso. Na buɗe, ƙamshin ɗakinka ya fito, na zauna a ƙasa na yi kuka. Baban Aboki ya juya kwat ɗin ciki da waje yana neman inda aka haɗa, bai gani ba, ya ajiye shayinsa ya sake dubawa.

Amma Baba, kwalin ya daɗe a hannunsu, yaron kuma bai jira ba. Hannun ya ɗage masa, maɓallin ciki ba ya rufuwa. Na rasa yadda zan gaya maka. Ka yafe mana.

'Yarka, Auta

*

Auta,

Yayarki ce ke rubutawa, ni ke faɗa, don biro ya fara yi mini gardama.

Share hawayenki. Juya kwat ɗin, ɗaga shafin, za ki ga jan zare a hannu da gefe da ƙasa. Farke shi a hankali, yadi zai sauko. Baɗi ki farke shuɗin. Bayansa akwai kore, shi zai kai shi makaranta. Na san ba zan ɗinka masa wani ba, shi ya sa na naɗe su duka a ciki.

Kada ki gaya wa mutumin kwastan riga uku ce, ya dawo da maganar kuɗinsa. Hoton kuma a tsaye, a yi shi babba yadda zan gani.

Mahaifinki