Kada Ki Taho da Yaran Tukuna

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Auta ya daina tarin nan?

Ni lafiya ƙalau, sai ɗan maƙaƙi a wuya. Tun da aka fara tayar da matatar man, dogon bututun nan ke ta ƙona gas. Sun ce kwana goma za a daina, yau sati bakwai. Farar rigata na shanya, kafin la'asar ta koma kamar gindin tukunya.

Manaja ya ce na'ura ta auna iska, babu matsala. To ni na yi wa na'urar walda, kuma na san inda aka sa na kafa ta: can bayan ofis, inda hayaƙi bai taɓa bi ba. Na ci gaba da aikina. Sai ga direban manajan yana gaya min maigidan ya kwashe iyalinsa, wai hutu.

Na san kin ɗaure kaya. Ki yi haƙuri ki kwance. Ranar da ya dawo da nasa 'ya'yan, ki taho da namu.

Allah ya tsare min ku.

Mijinki