Kada a Yi wa Tagar Motar Baba Walda

Haulatu Sama'ila,
Gidan Malam Sama'ila Direba,
Bayan Tsohuwar Tasha, Daura.
Litinin, 18 ga Agusta, 2008.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Gyaran Mota,
Reshen Daura, Jihar Katsina.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN MALAM MAINASARA MAI GYARAN JIKIN MOTA, DA ROƘON A HANA SHI LIƘE TAGAR SAMA TA MOTAR MAHAIFINA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da ikon riƙon jama'a, ina neman izinin gabatar da kukana a kan ɗan ƙungiyarka da na ambata a sama. Na zo ofishinka ranar Asabar, na tarar da maza cike da benci, na kasa shiga. Shi ya sa na rubuto.

Ni 'yar Malam Sama'ila ce, wanda ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Daura da Zango, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi bara. Ba shi da ɗa namiji. Harshensa ya yi nauyi, ba kowa ke gane maganarsa ba, don haka ni yake aika. Yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, mai taga a rufinta, murfin ƙarfe ne da ake murɗawa da hannu ya ja baya. Tun da ya kwanta, da damina maƙwabcinmu Lado yakan tuƙa mu zuwa gonar Baba a hanyar Dutsi. Baba ba ya iya taka kunyar gona. Ta gilashin gefe kuwa ba abin da mutum zai gani sai kara, domin gero ya fi motar tsawo. Sai mu buɗe tagar, ni da Lado mu tallafe shi ya miƙe, ƙirjinsa ya fito ta sama, ya dafa rufin da hannunsa mai lafiya. Daga nan yake ganin gonarsa tun daga wannan iyaka har waccan. A gida ba ya dariya, amma a can yana yi.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Ranar Talata, 5 ga Agusta, ni da Lado muka kai motar garejin Malam Mainasara, saboda tagar ta fara ɗiga a kujerar gaba. Na gaya masa gyara muke so, a bar ta tana buɗewa. Na kuma nuna masa wasu ƙananan ramuka a kusurwoyin tagar, inda ruwa ke bi ya fita ta ƙasan mota. Tun ina yarinya nake ganin Baba yana zura musu wayar birkin keke farkon kowace damina, ya fitar da ƙasa. Malam Mainasara bai dubi wurin ba. Ya ce wa mutanen garejin su tashi su ba Hajiya Injiniya wuri, yau an kawo musu malama. Aka yi ta dariya. Na ja mayafina na koma gefe.

2. Da muka karɓi motar ranar Asabar, 9 ga wata, sai muka tarar ya narka kwalta ya bi bakin tagar da ita, ya toshe ramukan nan gaba ɗaya, wai ta nan ruwan ke shiga. Ruwan da aka yi ranar Litinin bai sami hanyar fita ba, ya taru ya zubo ciki. Kujerun suka jiƙe sharkaf, rufin ciki ya saki ya rataya, motar ta ɗauki wari. A da ɗiga take yi, yanzu zuba take. Wanda ya toshe indararon soro ya san abin da zai samu, ban san me ya sa aka ɗauka mota daban take ba.

3. Muka mayar da ita ranar Talata, 12 ga wata. Bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi duk Daura ba mai ɓata lokaci a kan irin wannan taga, walda ake yi mata a shafe da fila, ƙullin cike jikin mota, a fesa fenti, a huta. Na ce masa Baba bai yarda ba. Ya ce in je in turo namiji.

4. Namijin da ya samu shi ne Baffa Kalilu, ƙanen mahaifina. Ba Baba ne ya aike shi ba. Ina ganin girman Baffa, ba kuma ƙararsa na kawo ba, amma dole in faɗi abin da kowa a gidanmu ya sani: ya daɗe yana son a ɗaura wa motar kariya, ƙarfen ɗora kaya a sama, a sa ta haya a hanyar Mai'adua, kuma kariya ba ta zama a kan rufi mai buɗewa. Ranar Alhamis, 14 ga wata, ya ce da Malam Mainasara a yi walda, wai yayansa ya amince. Ina tsaye a wurin. Malam Mainasara ya juyo ya tambaye ni a gaban Baffa, da wasu dattawa da ke jiran motocinsu, ko ina da magana. Ranka ya daɗe, ba a yi mini tarbiyyar ƙaryata ƙanen ubana a bainar jama'a ba. Na sunkuyar da kai.

5. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ya ga na yi shiru, sai ya tafa hannu ya ce shi ke nan, ai yanzu zamanin shari'a ne, kuma malamai sun ce idan aka tambayi budurwa ta yi shiru to ta yarda. Ya kafa dattawan nan shaida. Ya sa ranar Asabar mai zuwa, 23 ga wata, da safe, idan mai injin walda ya dawo daga Katsina. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce wannan magana a babin aure take. Ba aurena aka zo nema a gareji ba. Kuma motar ba tawa ba ce balle shiruna ya ba da ita. Mai ita yana raye, yana cikin hankalinsa. Da na koma gida na gaya masa, sai ya kama gefen gado yana ƙoƙarin tashi, har ya zame. Ni na ɗaga shi.

Saboda haka ina sanar da kai a rubuce, don kada a sake fassara mini shiru: ban yarda ba, mahaifina bai yarda ba.

Ina roƙon Mai Girma Shugaba ya umarci Malam Mainasara ya dakatar da waldar nan take. Ya kankare kwaltar da ya zuba, ya buɗe ramukan, ya sa sabuwar roba a bakin tagar. Idan aikin ya fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne, ya sakar mana motar mu nemi wani. Idan kuma ana shakkar maganata don ni mace ce, a turo dattijo ɗaya daga ƙungiya ya zo gida ya tambayi Baba da kansa. Bakinsa ya yi nauyi, amma yana girgiza kai sarai.

Gero ya riga ya fitar da kai, azumi kuma ya matso. Likita bai ce mana komai ba, amma ni nake jinyarsa, ina ganin yadda yake raguwa, ban kuma san ko zai ga wata damina ba. Idan aka yi waldar, an yi ke nan, ba ta warwaruwa.

Ba na son in yi rashin kunya, ban taɓa yi ba. Sai dai ya kamata in gaya maka tun yanzu, don kada a ce na yi abu a ɓoye. Makullin motar na biyu yana hannuna. Idan har Asabar ta zo ba a hana shi ba, da na idar da sallar asuba zan tafi garejin, in buɗe motar in zauna a kujerar da ke ƙarƙashin tagar. Ba zan yi wa kowa magana ba. In ya ga zai iya kunna wutar waldarsa ina ciki, ya kunna.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama lafiya. Ina neman afuwa idan na yi kuskure a lafazi.

Taka mai biyayya,

Haulatu Sama'ila
A madadin mahaifina, Malam Sama'ila Direba.