Ƙofofin Kabad ɗin Barira

Lolo, farkon Satumba, 1960

Zuwa ga matata Barira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna da wannan damina? Ni lafiyata lau, sai kewa.

Aikin ɗakin shan magani da En'e ta turo ni yana tafiya. An ce lallai a gama kafin ranar mulkin kai, ɗaya ga Oktoba, don haka ba zan samu zuwa Bagudo ba sai bayan bikin.

Na karanta takardarki. Rubutunki ya ƙara kyau, ajin Yaƙi da Jahilci bai tafi a banza ba. Sai dai na lura layi biyu kika ba ni, sauran duka na kabad ɗin da Hamma ɗan kawunki ya kawo miki daga Madekali ne. Kin ce santsinsa kamar cikin tasa. Kin ce da zarton inji ya yanka, mai tafiya a kan doguwar sandar ƙarfe. Kin ce matan unguwa sun cika ɗakin suna shafawa. Barira, ke matar kafinta ce. Na yi shekaruna a makarantar sana'a na fito da takarda, amma kwanukanki sai wani ya ƙetaro daga Dahome ya yi musu mazauni.

Na san taubashinki ne, kuma ba a fushi da wasan taubashi. Na kuma san shi ya fara kai gaisuwa gidanku kafin ni. Wannan ba zargi ba ne, abin da ya faru ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya kawo kabad ɗin ba ƙofofi, ya ce a gaban Baba wai a bar wa mai takarda ya yanka, a ga ko takarda tana yanka katako. To na karɓa. Ina da falle ɗaya na filawud, faffaɗan katakon nan na kamfani, da na saya tun ina makaranta, ina ajiye da shi don ke. Lambobin da kika ce ya rubuta da alli a ciki, kada ki aiko mini. Nasu santimita ne, namu inci, kuma ko da na iya juyawa, ba zan yanka katakona da lissafin Hamma ba. Ki samu zare ki auna bakin kabad ɗin da hannunki, faɗi da tsawo, ki ƙulla inda kowanne ya tsaya, ki ba Na'Allah mai jirgi ya kawo mini ranar kasuwa.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Bunyaminu

Lolo, tsakiyar Satumba, 1960

Zuwa ga Barira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyaye, zaren ya iso, na gode. Ga ƙofofin nan biyu tare da Na'Allah, na naɗe su da buhu da tabarma saboda ruwa.

Ina so ki san yadda aka yi su, don idan mata sun zo shafawa ki samu abin faɗa. Ban amince da bakin da filawud ya zo da shi daga kamfani ba, na fara gyara gefe ɗaya ya miƙe, daga shi na ɗauki kowane awo. Sukwaya, wato ƙarfen da muke duba kusurwa da shi, gajeriya ce ga katako mai faɗi haka, sai na auna ƙafa uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗayan, na tabbatar tsakaninsu biyar ne cif. Na ɗora miƙaƙƙen katako a kan layin na matse shi, shi ne jagoran zartona. Kafin in sa zarto na bi layin da wuƙa don kada fuskar ta tsattsage. Da na gama na auna kowace ƙofa daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, awon ya zo ɗaya. Ba inji a nan, hannu ne da haƙuri.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da nake jan zarton, fuskarsa nake gani yana dariya a tsakar gidanmu, ke kuma kina rufe baki da gefen zane kina taya shi. Ban san ko haka aka yi ba. Ba na nan. Rashin sanin ne yake cina, har abinci ba ya yi mini daɗi.

Ki sa ƙanena Abu ya ɗora su a bakin kabad ɗin ya riƙe, kada ya buga ƙusa ko ɗaya, ni zan sa hinji, wato ƙarfen da ke maƙale ƙofa, da kaina. Ki rubuto mini yadda suka zauna. Wannan karon ina roƙon fiye da layi biyu.

Naki har kullum,
Bunyaminu

Lolo, ƙarshen Satumba, 1960

Zuwa ga Barira,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Baba. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Na ga saƙonki cewa ƙofofin ba su haɗu a tsakiya ba, akwai rata da yatsanki yake shiga. Daina kuka, ba laifinki ba ne. Na ce zare, ban ce wane iri ba. Kin auna da zaren kaɗi kina ja, ni kuma na shimfiɗa shi a kan katako ban ja ba. Na gwada da ragowarsa a nan, yana ƙara kusan rabin inci in an ja shi. Ƙofofina ba su karkace ko kaɗan ba, amma sun gaza. Da sun yi yawa da na rage. Lambobin allin da na ƙi, su ne daidai.

Maganinsa siririn katako ne da za a manna a bakin ƙofa ɗaya ya rufe ratar. Gutsure biyu suka rage mini masu tsawon da ake bukata. Na gwada ɗaya da zarton hannu, ya tsage tun ban kai rabi ba. Na zauna ina kallon na biyun. Na yi tunanin in bar ratar in ce don iska ce, amma ke za ki sani, kuma duk safiya za ki gani.

Sai na ɗaure shi a keke na tafi Madekali.

Na sami Hamma a shagon ɗan kasuwar da yake yi wa aiki, injin wuta yana ta ƙara. Tun daga nesa ya ɗaga murya wai ga Ingila ta zo roƙon Faransa, wai dama sun riga mu samun mulkin kai da wata biyu, ba mamaki su riga mu iya yanka. Ya kira ni ɓarawon matarsa a gaban mutane, kowa yana dariya. Na yi dariyar da zan iya. Ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi ƙafar Inna.

Barira, na ga zarton. Ana ɗora sandar ƙarfen daidai kan layin, zarton ya hau ta, ba ya iya kaucewa ko da hannu ya yi rawa. Na fito da sukwayata na duba wani katako da ya yanka, ina addu'a in sami kuskure. Ban samu ba. Ya miƙa hannu zai karɓi katakon, na ƙi. Na ce shi ya nuna mini, ni zan tura. Ya dube ni, wannan karon bai yi ba'a ba, ya matsa gefe. Aikin da ya gagare ni wuni guda, kafin in sauke numfashi ya ƙare, bakinsa sumul. Na komo Lolo da kishi biyu, ɗaya a kanki, ɗaya a kan zarton, ban san wanda ya fi nauyi ba.

Zan zo washegarin biki in sa hinjin. Mata za su zo, za su tambaya wa ya yi. Ban yarda ki yi ƙarya saboda ni ba. Ki ce jikin kabad ɗin na Hamma ne, ƙofofin na mijinki ne, siririn tsakiya kuma zarton Hamma ne da hannun mijinki. Haka abin yake.

Alfarma ɗaya nake nema. Idan za ki faɗa, ki fara da ƙofofin.

Mijinki mai kewarki,
Bunyaminu