Jiƙaƙƙen Tawul a Ƙasan Ƙofa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya Mama?

Dokar hana shan taba da muka yi ta fafutuka a kanta a jami'a ta fara aiki. An cire bencin mashaya na bayan ɗakin karatu, kuma duk wanda aka kama za a dakatar da shi shekara guda. Abin da ban hango ba, ba su daina ba, ɗaki suka koma. Na-Sama, mai gadon da ke saman nawa, yakan rufe taga ya toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul don kada hayaƙi ya fita baranda. Asmata ta tashi. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka kore mu daga waje, ina kuma kake so mu nufa?" Shekararsa ta ƙarshe ce. Kada ki gaya wa Mama.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Kai ne ba ka lafiya.

Na sha ganin masu asma da aka kawo mana a makare. Wasu ba su koma gida da ƙafarsu ba. Digirin wani bai fi huhunka ba. Ka je wurin shugaban masaukin ɗalibai, ko ni in kira shi.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ashe ba ki jira amsata ba.

Shekaranjiya jami'an masauki suka shigo bincike, suka tarar da tawul da guntayen taba a gwangwanin madara. Ɗakin mu huɗu ne, ba wanda ya amsa nasa ne, don haka aka ce duka za a hukunta mu sai in an sami mai shaida. Kowa a ginin ya ɗauka ni na kai ƙara. Har waɗanda ba sa sha sun daina amsa gaisuwata, wai doka daban, tona asirin ɗaki daban. Na-Sama bai roƙe ni komai ba, ya dai tambaye ni ko na sha magani. Shi ne fa ya goya ni zuwa asibitin makaranta bara. Gobe zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa.

Auta

Auta,

Eh, ni na kira. Ka ji haushina yadda kake so. Ka faɗi abin da ka gani, ka tuna akwai mutum biyu da ba ruwansu. Ya ƙirjin?

Yayarka

Yaya,

Sun tambaye ni, na faɗa. Na roƙi a mayar da bencin waje, suka ce ba don wannan aka kira ni ba. An dakatar da Na-Sama. Yau babansa ya zo ya kwashe kayansa, har ya yi min godiyar zaman tare.

Ƙirjin ya yi sauƙi, tunda shi kika tambaya. Hutun nan a makaranta zan yi shi.

Ki gaida Mama.
Auta