Kayan Lawali ba sa jiran bazara

Madarumfa, daren Laraba, Nuwamba 1999

Ɗana Lawali ya zo daga Maradi yau, ko tuwo bai ci sosai ba. Ya nuna mini abin da ya sayar da babur ɗinsa ya saro a Kano: wani falle kore, ya ɗan fi tafin hannu, da ƴan ƙarafuna a jiki. Kart suke ce masa. Cikin ordinatar, wato kwamfuta, ake sa shi don hoton wasa ya fito ras, ƴaƴan alhazai ke saye. Na bi rubutun kwalin harafi-harafi, ban gane komai ba.

Kaɗan ya sayar, sauran na nan jibge. Wai wani sabo ya fito, kowa shi yake nema.

Na ce, "To ka aje su kamar wake mana, in bazara ta yi su yi tsada."

Ya yi dariya. "Haba Inna! Wake ai ci ake yi. Wannan kuwa kullum gari ya waye daraja yake ragewa, kafin bazara ko kyauta ba mai karɓa."

Har yanzu ina mamakin abin da ba ya ruɓa, ƙwaro bai taɓa shi ba, amma ya mutu a cikin kwali.

Ya ce gobe zai sayar ko nawa aka taya, ya bi samarin garin Gabi ci-rani Legas. Abin da nake gudu ke nan tun yana ƙarami. Na dai jiƙa gero, da asuba in daka masa guzuri.